Tsingaron da Na Tsinto a Tsibirin Mama

Na yi shekara ashirin da wani abu ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Jalingo, kuma a tsawon lokacin nan ban taɓa riƙe wani tsohon abu a hannuna na nuna wa ɗalibai ba. Hoto ne kawai, shi ma baƙi ƙirin saboda injin kwafin makarantar ya tsufa. Sai in ɗaga takarda in ce, "Wannan tukunyar mutanen da ce," yara su leƙa su ce, "Malama, kamar dankali." Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

A lokacin muna zaune a Sintali, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na wata tsohuwa da duk layin ke kira Mama. Bandar kifi take yi. Ranar da muka fara magana ma faɗa na je yi, don na shanya fararen kayan makarantar yarana, hayaƙinta ya mayar da su ruwan toka, ga ƙarnin tarwaɗa. Na shiga gidanta da zafina, na zazzage mata duk abin da ke bakina. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Malama, iska ne, ba ni ba ne. Gobe ki shanya da yamma." Ta naɗe mini kifi biyu a takarda. Na fito riƙe da kifi, ban san yadda aka yi faɗan ya ƙare ba. Tun daga ranar da wuya gari ya waye ya faɗi ban leƙa ta ba.

Hausar Mama irin ta kasuwar Jalingo ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne, kowa "ya tafi". Da farko nakan gyara mata, halin malamai, har ran nan ta ce in bari sai ta shiga ajina. Ran Lahadi takan ɗaura ashobinta na mata masu zumunta ta hau keke napep zuwa cocinsu a Nukkai, ta bar mini makullinta, in ta dawo ta zauna a kan turmina ta ba ni labarin wanda ya yi barci lokacin wa'azi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, masinja ne a wata ma'aikata, 'ya'yan kuma kowa ya kama gabansa. Ita ma yanzu ta rasu. An sayar da gidan, inda murhun bandarta yake an yi shagon cajin waya. Ina kewarta ƙwarai, har hayaƙin da ya haɗa mu faɗa ina kewa.

Wata Asabar ina taya ta fere kifi ta ba ni labarin inda aka haife ta. Wani tsibiri ne a tsakiyar Binuwai, can ƙasa da Lau, tafiyar sa'o'i a kwalekwale. Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce, rabin tukwanen tsibirin hannunta ne. Da Mama ta samu miji zai kawo ta Jalingo, uwar ba ta so ba, ta ce mutumin da yake yawo da takardun wasu ba zai riƙe mace ba. Ranar tafiya suka yi musayar magana a bakin ruwa, Mama ta shiga jirgi ko waiwaye ba ta yi ba. Bayan shekara uku saƙo ya zo cewa uwar tana kwance. Tsakiyar damina ce, kogi ya cika ya batse, hanyar Lau ta yanke, ga Mama da jaririyar kwana goma. Kafin ruwa ya janye an binne ta. Ba a daɗe ba kuma wata ambaliya ta tashi mutanen tsibirin gaba ɗaya, kowa ya koma gaɓa.

"Ya mutu yana cewa na yi fushi," in ji Mama. "Ni kuma ban yi fushi ba. Ina so in je in gaya masa."

Na ce, "Mama, bayan shekara hamsin ta yaya za ki gane kabarin?"

Ta ce a wurinsu in mace ta mutu, randarta ta shan ruwa ake ɗauka a kife a kan kabarinta, a huda gindin. Ba dutse, ba rubutu, randar ce alama. Ita kuwa ta san randar uwarta, ko a cikin dubu za ta fitar da ita.

Mai kawo mata kifi daga Lau ɗan ƙaninta ne, masunci, magidanci mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Shi ne ya zo wata rana ya ce, "Goggo, in za ki je ki je bana. Ruwa yana cin tudun da kaburburan suke, kowace damina sai ya yanki wani abu." Gaskiyarsa kuwa, domin damina biyu bayan tafiyarmu gefen nan duka ya rufta cikin kogi. Mama ta kira 'ya'yanta a waya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce gwiwoyinta ba za su iya ba, ta haƙura. Ni na ce zan raka ta. Ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya, don ba domin Allah kaɗai na ce zan je ba. Masuncin ya ambata cewa kufan garin cike yake da fasassun tukwane da duwatsun niƙa, ni kuwa tun a nan na fara hango wani tebur a bayan ajina da kayan tarihi jere a kai, kowanne da 'yar takardarsa.

Muka tafi a hutun Ista, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, ruwa kuma ya ja baya. Na ɗauki jakar buhu, da ledoji, da littafi da biro, da cokalin ƙarfe na tono. An taɓa tura ni wani taron bita na kwana uku inda aka yi ta nanata mana cewa ba a ɗaga tsohon abu daga ƙasa sai an rubuta inda yake, an auna, an ɗauki hotonsa a kwance. Na dawo na koya wa ɗalibaina haka, har na sa a jarrabawa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce rashin sani ne.

Mun kwana a gidan masuncin a Lau, da asuba muka shiga kwalekwalensa mai inji. Ni da ruwa mafi girma da na saba gani shi ne na gadar Nukkai, sai ga ni a tsakiyar Binuwai, na riƙe katako da hannu biyu ina karanto duk addu'ar da na sani. Mama kuwa tana shiga jirgi ta zama wata daban. Matar da sai an kama ta take hawa keke napep, ta zauna daram a gaba, ta tsoma hannu a ruwa, ta shafa a fuska. Tana nuna wa masuncin hanya yana cewa, "Goggo, wannan hanyar yashi ya rufe ta tun ina saurayi." Sau biyu jirgin ya dafe a yashi ya sauka ya tura. A wani lungu muka hango kunnuwan dorina, ya kashe inji muka wuce shiru.

Tsuntsaye kuwa ban taɓa ganin irinsu ba. Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, garken kirinjijiya suna tashi da fito, dinya, belbela, har da kwasakwasa guda biyu da jakar wuyansu. Amma waɗanda suka tafi da hankalina wasu ne masu baƙin baya da farin ciki da jan baki, leɓen ƙasa ya fi na sama tsawo. Sukan taso ƙasa-ƙasa su tsoma leɓen a ruwa suna tafe suna tsaga shi. Ban san sunansu da Hausa ba, Mama ta faɗa mini da yarensu na maimaita ta yi dariya har da tari. Ta ce a kan yashi tsirara suke ƙwai, kuma a zamaninsu ba mai taka yashin nan sai 'ya'yan sun tashi. Ran da aka wayi gari tsuntsayen sun bar yashi, to ruwa yana tafe, sai mata su fara kwashe ɗanyun tukwane zuwa tudu. Na fito da waya na yi ta ɗaukar hoto har ta yi zafi a hannuna.

Hantsi ya ɗaga muka isa. Tsibirin dogo ne, gefe ɗaya yashi shimfiɗe fari fat, tsuntsaye kwance a kai, ɗaya gefen tudu mai ciyawa da 'yan itatuwa. Masuncin ya zagaya da mu ta gefen tudun don kada mu tayar da masu ƙwai. A nan ruwa ya yanke ƙasa kamar an sa wuƙa, kana ganin gawayi da tsingaro da ƙasusuwan kifi jere a jikin gaɓar, wani a kan wani. Ba gida ko ɗaya, ba ko kango. Sai kashin shanu ko'ina, don da rani Fulani kan ƙetaro da garke su yi kiwo.

Da ƙyar muka hau da Mama. Zaman jirgi ya sandarar mata da ƙafafu, tana taka ƙasa ta ce sai ta huta. Muka shimfiɗa mata zane a gindin wani ɓaure, ta jingina, ta rufe ido tana ambaton sunayen gidajen da suke nan da can a da. Masuncin ya koma duba injinsa. Ni kuwa ƙafata tana ƙaiƙayi. Na ce, "Mama, bari in ɗan zaga." Ta ɗaga mini hannu ba ta buɗe ido ba.

Na fara da hankalina. Na tsinci wani dunƙulen yumɓu mai huda, irin wanda ake ɗaura wa komar kamun kifi don ta nitse, na rubuta inda na same shi, na sa a leda. Na tsinci kashin maƙera, shi ma na rubuta. Na ga duwatsun niƙa har sun lotsa a tsakiya saboda aiki, na shafa su na wuce don sun fi ƙarfina. Sai na ɓullo wani fili a bayan tudun, inda tsingaro yake tsibi-tsibi, nan tari, can tari, har iyakar ganina. Wuyan tukwane masu zane iri-iri, wani an birgima masa totuwar masara, wani igiya, wani ƙayar kifi. Raina ya yi fari. Na ce lallai nan ne jujin maginan garin, inda suke zubar da abin da ya fashe a wuta.

Maganar randar ta faɗo mini, ba zan ce ba ta faɗo ba. Amma a kaina randa ce sukutum a kife, wadda za a hango daga nesa. Na ɗaga kai na duba gabas da yamma ban ga ko ɗaya ba, na ce ashe makabartar tana wani gefen. Ban yi tunanin abin da kofaton shanu zai yi wa randa a shekara hamsin ba.

Na durƙusa zan rubuta na uku ke nan sai wasu tsuntsaye biyu masu dogayen ƙafafu suka taso mini, ashe ƙwansu yana kusa. Suna kururuwa suna kawo mini sura a ka, ɗaya har ya taɓa ɗankwalina. Na tura littafin a jaka, na kare kai da hannu ɗaya, ina tsinta da ɗaya. In na matsa nan su biyo ni, in na koma can su biyo ni. Ina zaginsu ina dariya ina cika jaka, duk wanda zanensa ya yi mini kyau sai in ɗauka. A cikin wannan guje-gujen na ga wanda ya fi duka. Wuyan wata babbar randa ne, rabi a binne, an jera masa 'yan ƙananan ramuka zagaye, ba su daidaita ba, wani ya hau wani ya sauka. Na sa cokali na tono shi. Na ga wani gutsuren a gefensa, da wani kuma, na haɗa su suka zauna daidai. Na duba da kyau ban bar ko ɗaya mai ramukan ba. Na ce a raina wannan ya yi shekara ɗari biyar, irin zanen farko ne tun hannu bai gama ƙwarewa ba. Na naɗe su a cikin ɗankwalin da na zo da shi na canji.

Da na koma gindin ɓauren Mama ta miƙe, ta ci 'yar gurasa, ta sha ruwa. Ta ce, "To, mu je wurin uwana." Masuncin ya riƙe ta a dama, ni a hagu, jakata a kafaɗa. Ta bi da mu ta gefen duwatsun niƙan, ta zaga bayan tudun, ta tsaya a bakin filin da na baro yanzu-yanzu. Ta cire takalmanta. Masuncin ya cire hularsa.

Na gane nan take cewa kowane tarin tsingaro da na gani randa ce guda, kuma a ƙarƙashin kowanne akwai mace. A nan ya kamata in buɗe baki, amma na yi shiru. Kunya ce ta riƙe ni, da kuma fatan cewa a cikin wannan tarin duka ba lallai in taɓa wanda ake nema ba. Na mayar da jakar bayana.

Mama ta fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta iya sunkuyawa sosai, sai masuncin ya ɗago gutsure ya nuna mata ya mayar daidai inda ya ɗauka. Tana gane su kamar tana gane fuskoki. Wannan hannun matar sarkin ruwa ne, ba ta iya baki ba, kullum a karkace. Wannan na wata gurguwa ce mai waƙa in tana gini. Wannan hannun uwarta ne, amma na sayarwa ne, ga shi nan da yawa. Rana ta take, gumi yana zuba, muna ta zagaye. Mun fi awa guda a haka, ni ina biye da su ina jin nauyin jakar yana ƙaruwa.

Can masuncin ya ce, "Goggo, gaya mini abin da zan nema, idona ya fi naki."

Ta ce, "Yatsa ne. Ƙananan yatsa a wuya, zagaye." Ta ce tana 'yar shekara shida uwarta tana gina randa, ita kuma ta dame ta da kuka sai an ba ta yumɓu. Uwar ta kama hannunta ta dinga danna ɗan yatsanta a wuyan randar tun tana ɗanya, har suka zagayo. Ba a sayar da ita ba, a ɗaki ta zauna, a cikinta suka sha ruwa har Mama ta girma. Ita ce kuma uwar ta ɗauko ta kawo bakin ruwa ranar tafiya Jalingo, ta ce ta tafi da ita. Mama ta ce a birni a bokiti ake shan ruwa, ba ta ɗaukar kayan ƙauye. Maganar da ta raba su ke nan.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na tsaya har suka yi gaba taku biyar ko shida, sannan na ce, "Mama." Na sauke jakar, na warware ɗankwalin, na miƙa mata da hannu biyu.

Ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ta sa ɗan ƙaramin yatsanta a ɗaya daga cikin ramukan, bai shiga ba, ya yi girma. Ta bi su ɗaya-ɗaya har ƙarshen gutsuren. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta ɗago ta ce, "A ina, Malama?"

Na juya na dubi filin. Ko'ina iri ɗaya ne, ciyawa da tsingaro da sawun shanu. Na buɗe littafina, abu biyu ne a rubuce, dunƙulen koma da kashin maƙera. Na buɗe waya, tsuntsaye ne reras, ba hoton ƙasa ko ɗaya. Na ce ina jin ta wajen can ne, na je, na ga ba nan ba ne. Na ce kusa da inda tsuntsayen suka taso mini, to amma sun bi ni ko'ina.

Masuncin, wanda tun safe bai yi mini magana goma ba, ya ce, "Malama, shanu ma da suka fasa shi sun bar shi inda yake."

Muka shiga neman ramukan cokalina. Na yi tono a wurare da yawa, ƙasar kuma busasshiya ce, ramin cokali da na kofato ba su da bambanci. Masuncin ya yi ta gwada gutsuren da sauran tsingaron kowane tari ko zai zauna, amma jikin randa ba zane, kuma yumɓun duk ɗaya ne, hannun ma ɗaya, tunda uwar Mama ce ta gina yawancinsu. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wurare uku da ramin ya yi zurfin da zai iya zama shi. Ɗaya kusa da wata ƙaya, biyu can gaba, tsakaninsu taku goma. Na rantse ɗaya ne daga cikinsu, ko da yake har a lokacin ban tabbata ba. Ana cikin haka gabas ta fara haɗa baƙi. Masuncin ya ce hadarin farkon damina da iska yake zuwa, ba zai yarda ya same mu a tsakiyar kogi da tsohuwa ba, kafin la'asar sai mun tashi.

Na fara ba Mama haƙuri ina kuka, ta ɗaga mini hannu. "Bari wannan, ba lokaci," ta ce. Ta sa na juye sauran abin da ke jakar a tsakiyar filin wuri ɗaya, ta ce masu shi sun san kayansu. Sannan ta ce tunda wuri uku ne, za ta je duka ukun.

A wuri na farko muka durƙusar da ita a hankali. Ta ajiye gutsure ɗaya, ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta fara magana da yarensu. Masuncin ya ja baya ya tsaya kusa da ni, yana fassara mini ƙasa-ƙasa, ina jin don in san girman abin da na yi ne. Ta ce ta zo, ta makara amma ta zo. Ta ce ba fushi ta yi ba, ruwa ne ya hana ta, ga jaririya a hannu. Jaririyar nan yanzu ita ma tana da jika. Ta lissafa 'ya'yanta bakwai, da biyun da suka rasu, da jikoki ɗaya bayan ɗaya, kowa da inda yake. Ta ce mai yawo da takardun nan ya riƙe ta har ya mutu, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, a nan kam uwar ba ta canka daidai ba. Ta ce amma maganar randa gaskiyarta ce, ruwan bokiti zafi gare shi, ba ranar da ta sha ba ta tuna ba.

Muka ɗaga ta muka kai ta na biyu. Na ɗauka za ta taƙaita, sai ta faro daga farko, ba ta tsallake ko jika ɗaya ba. Wannan karon da kuka take yi, muryar tana sarƙewa tana tsayawa tana ci gaba. Iska ta fara kaɗa ciyawa, tsuntsayen yashi suka tashi gaba ɗaya suna kewaya tsibirin. Masuncin yana duban sama yana duban Goggonsa.

Da muka isa na uku, gwiwoyin suka ƙi lanƙwasuwa. Ta gwada sau biyu ta kasa. Ta buɗe baki, sai iska kawai ke fita, muryar ta dushe ƙurmus. Na dubi masuncin, ya girgiza kai, ya ce a wurinsu namiji ba ya magana a kan kabarin mace. Mama ta kamo hannuna ta danƙa mini gutsure na ƙarshe, ta jawo kunnena kusa da bakinta.

"Ke ki faɗa. Kin ji sau biyu."

Na ce, "Mama, ban iya yarenku ba."

"Yana jin Hausa kaɗan, na kasuwa. Ki yi a hankali."

A tarbiyyar da aka yi mini, sallama ake yi wa matattu a yi musu addu'a, ba a kai musu labari. Na san da haka sarai. Na cire takalmina, na durƙusa, na ajiye gutsuren a cikin ramin da cokalina ya tona, na dafa ƙasa yadda na ga ta yi. Ƙasar da zafi. Na yi sallama, na ce ni maƙwabciyar 'yarki ce a Jalingo, ni ce na ɗauke miki randa, ki yafe mini. Na ce ga 'yarki nan tsaye, ta zo. Ta ce in gaya miki ba fushi ta yi ba, ruwa ne. Na maimaita wannan a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, don kada ya wuce ta. Sannan na shiga lissafin 'ya'ya da jikoki, Mama tana tsaye a bayana ta dafa kafaɗata, duk inda na yi kuskuren suna sai ta matse ni in koma in gyara.